CFOP, Roux ko ZZ: wace hanya ce ta dace da kai wajen haɗa kyub ɗin Rubik da sauri?

Wanda ya koyi haɗa kyub ɗin Rubik da hanyar 'yan koyo, wato hawa bayan hawa, yakan kai wani matsayi ya cije. Ya sauko zuwa minti ɗaya, wataƙila sakan 50, daga nan agogo ya ƙi motsi komai yawan atisaye. Galibi ba yatsu ne da laifi ba. Hanyar ce ke cin juyi sama da 100, kuma da yawansu rushe abin da aka gina ne a sake ginawa. A wannan gaɓar ake komawa ɗaya daga cikin hanyoyin masu gudu, kuma uku ne suka yi fice: CFOP, Roux da ZZ. Mutum zai shafe watanni yana zuba wa wadda ya zaɓa lokaci, don haka gara ya san abin da kowacce za ta nema a wurinsa. Lissafi ne ke bayyana wannan, domin bashi ɗaya ne duk hanyoyin suke biya, kowacce da irin kuɗinta: wata da hadda, wata da tunani, wata da kaifin ido kafin a fara.

Kalmomin aiki tukuna. Kyub ɗin da Ernő Rubik ya ƙirƙira a Budapest a 1974 yana da cibiyoyi 6 da ba sa sauya matsayi a tsakaninsu, da 'yan kusurwa 8 masu launi uku-uku, da 'yan gefe 12 masu launi biyu-biyu. Kowane yanki yana da mazauni, wato ramin da yake ciki, yana kuma da kwanciya, wato ɓangaren da launinsa ke kallo. Ana rubuta juyi da haruffa: R fuskar dama, L hagu, U sama, D ƙasa, F gaba, B baya. Harafi shi kaɗai rubu'in zagaye ne yadda hannun agogo ke tafiya, mai ɗigon waƙafi a sama (R') akasin haka, mai lamba 2 rabin zagaye. M shi ne yankan tsakiya da ke tsakanin hagu da dama, yana bin tafiyar L.

Dokoki uku da kyub ba ya karyawa

Yawan yanayin da kyub zai iya kasancewa a ciki shi ne 43,252,003,274,489,856,000, wato biliyan 43 sau biliyan da ɗoriya. Ga inda adadin ya fito. 'Yan kusurwa za su iya zama a mazaunai ta hanya 40,320, 'yan gefe ta hanya 479,001,600. Kowane ɗan kusurwa yana da kwanciya uku, kowane ɗan gefe biyu. Da za a ninka waɗannan kai tsaye, da adadin ya ninka na gaskiya sau 12. Dokoki uku ne suke sare shi.

Ta farko: ba a iya murɗe ɗan kusurwa ɗaya shi kaɗai. In aka san kwanciyar bakwai, ta na takwas ta riga ta yanke, shi ya sa ake lissafa 2,187 maimakon 6,561. Ta biyu: 'yan gefen da suka kife kullum cika ne, ba sa zama mara. Biyu, huɗu, shida, amma ba ɗaya ko uku ba, shi ya sa kwanciyarsu 2,048 ce ba 4,096 ba. Ta uku: kowane rubu'in juyi yana zagaya 'yan kusurwa huɗu da 'yan gefe huɗu a lokaci guda, don haka ba za a taɓa musanya yanki biyu kaɗai a bar saura ba. In 'yan kusurwa biyu suka yi musaya, sai 'yan gefe biyu sun yi, ko wasu 'yan kusurwa biyun. Uku sau biyu sau biyu, 12 ke nan.

Amfanin wannan a hannu yake. Kyub ɗin da ya tarwatse aka mayar da shi yadda aka ga dama, sau ɗaya cikin 12 ne kawai zai haɗu. In ka iso hawan ƙarshe ka ga ɗan gefe ɗaya tak a kife, ko ɗan kusurwa ɗaya a murɗe alhali komai ya zauna, kada ka wahalar da kanka da neman jerin juyin da zai gyara shi, babu shi. Ko dai wani ya cire yankin, ko kusurwar ta murɗe a cikin gudu, abin da ke yawan faruwa da kyub ɗin da aka sassauta wa sukurori fiye da kima. Da yatsa ake mayar da ita.

A watan Yulin 2010 Tomas Rokicki da Herbert Kociemba da Morley Davidson da John Dethridge suka tabbatar, da kwamfutocin da Google ya ba su aro, cewa babu yanayin da ke buƙatar fiye da juyi 20. Sai dai wannan ba hanyar ɗan'adam ba ce a cikin gudu. A gasar da ake neman mafi ƙarancin juyi, awa guda cur ake ba mutum da takarda da biro, kuma a can ne Sebastiano Tronto ya samu juyi 16 a 2019. Mai gudu yana da sakan 15 ne kacal na dubawa a ƙa'idar WCA, hukumar da ke kula da gasannin kyub a duniya. Don haka yana sayen sauƙin gani da ƙarin juyi.

Ninki ya koma tari

Wannan shi ne ƙashin bayan dukkan zaɓin. A ɗauki hawan ƙarshe bayan an gama hawa biyu na ƙasa. Kwanciyar 'yan kusurwa huɗu iri 27 ce, ta 'yan gefe huɗu iri 8, sun ba da 216. Mazaunansu kuwa 24 sau 24 a raba biyu, 288. In aka ninka, yanayi 62,208. Ko an cire waɗanda juya hawan sama kawai ya bambanta su, wanda ke son gama hawan da kallo ɗaya sai ya haddace jeri kusan 4,000. Amma in aka raba aikin biyu, a fara gyara kwanciya sannan mazauni, 216 ɗin nan suna narkewa zuwa siffofi 57, 288 kuma zuwa 21. Ninki ya koma tari: 57 da 21, jeri 78. In aka sake raba kowanne biyu, sai su koma 3 da 7 da 2 da 4, jeri 16 kacal.

Kowace rabawa tana rage hadda, tana kuma ƙara abu biyu: yawan juyi, da yawan tsayawar da ido zai yi don gane siffa. Kallo huɗu da jeri 16, kallo biyu da jeri 78, kallo ɗaya da dubbai. Duk wata hanya ta gudu, amsa ce ga tambayar inda za a yanka wannan ninkin.

Jerin kansu ba tsafi ba ne. Yawancinsu gini ne a kan siffa biyu. Ta farko ita ce: yi A, yi B, warware A, warware B, kamar R U R' U'. Abin da ke sauyawa shi ne kawai inda A da B suka yi karo da abin da ya shiga wurin. In wurin karon yanki ɗaya ne tak, sakamakon zagayen yanki uku ne ba tare da an taɓa komai ba: R U R' D R U' R' D' yana zagaya 'yan kusurwa uku ya bar saura. Siffa ta biyu ita ce: kai abu wurin aiki, yi aikin, mayar da shi. F R U R' U' F' misali ne da ya haɗa duka biyun, F ta kai, huɗun tsakiya suka yi aiki, F' ta mayar. Wanda ya ga jeri a haka yana haddace gaɓa uku ne maimakon harafi shida, kuma in ya ɓata a tsakiya yana iya gano inda ya tsaya.

Haka kuma kowane jeri in aka yi ta maimaita shi sai ya dawo da kyub inda ya fara. R U R' U' sau 6, R U sau 105. Wannan ne sirrin matakin ƙarshe na 'yan koyo da ke ba mutane tsoro, inda ake murɗe kusurwa da R' D' R D sau biyu ko sau huɗu, ƙasan kyub ya hargitse, sannan ya dawo da kansa. Saboda dokar farko, jimillar maimaicin dole ta zama 6 ko 12. Masu ɓata wannan matakin, ko sun manta D ta ƙarshe, ko sun juya kyub ɗin gaba ɗaya maimakon su juya hawan sama kaɗai.

CFOP

Jessica Fridrich ce ta wallafa cikakken tsarinta a intanet a 1997, shi ya sa wasu ke kiranta da sunanta. Mataki huɗu ne. A gina gicciye a ƙasa da 'yan gefe huɗu. A haɗa kowane ɗan kusurwa na ƙasa da ɗan gefen da ke kansa, a zura su tare a raminsu, sau huɗu, wannan shi ake kira F2L. Sai OLL mai gyara kwanciyar hawan sama, sai PLL mai gyara mazauni. Jimilla juyi 55 zuwa 60.

Gicciye yana da yanayi 190,080, kuma babu wanda ke buƙatar fiye da juyi 8. Wanda ke yin juyi 12 ko 13 a gicciye, bai tsara shi ba ne, yana sa yanki ɗaya-ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: gicciye duka a cikin sakan 15 na dubawa ake warware shi a ka, kuma a ƙasa ake gina shi, ba a sama a kifar daga baya ba. Atisayensa shi ne a duba kyub iya son rai ba tare da agogo ba, a rufe ido, a yi gicciyen, a buɗe. Mai fara gicciye da launi ɗaya kullum, matsakaicin mafi gajeren maganinsa juyi 5.8 ne, mai iya farawa da kowane launi kuwa 4.8. Juyi ɗaya ne ribar, amma babbar ribar ita ce gicciye mai sauƙi yana barin lokacin hango biyun farko na F2L. Wanda bai daɗe da farawa ba ya saba da duk launukan tun yanzu. Wanda ya shekara biyu a kan fari, ya ƙara rawaya kawai ya wadatar.

F2L yana da siffofi 41, kuma a nan ne kusan rabin lokacin ke tafiya. Shawararmu kada a haddace su daga jadawali tun farko. A fahimci cewa duk suna komawa ga zuri biyu, R U R' in yankunan suna rabe a daidai, U R U' R' in suna manne, sauran aikin duk dabarar kai su ɗaya daga cikin waɗannan ne. Matsalar da ke addabar masu CFOP ita ce juya kyub ɗin gaba ɗaya. In ɗan gefe ya kwanta ba daidai ba, R da U kaɗai ba za su taɓa zura shi ba, sai an yi F ko an sauya riƙo. Kowane sauyin riƙo yana sa yankin da ido ke bi ya ɓace.

A hawan ƙarshe lissafi yana faɗin abin da za a fara koya. A fara da jeri 16 na kallo huɗu, sannan PLL duka 21 kafin a taɓa OLL 57. Jerin PLL da haruffa ake kiransu, kuma goma sha shida kowanne yana zuwa sau ɗaya cikin 18, Z da E sau ɗaya cikin 36, H da N guda biyu kowanne sau ɗaya cikin 72. Jerin G guda huɗu da kowa ke gudu saboda wahalar gane su, in aka haɗa su suna zuwa sau 2 cikin 9, ba abin jinkirtawa ba ne. N kuwa za su iya jira. Sa'ar tsallake PLL gaba ɗaya sau ɗaya ce cikin 72, ta OLL cikin 216, ta duka biyun cikin 15,552. Shi ya sa ba a auna mutum da lokacinsa mafi kyau. A gasa sau biyar ake yi, a jefar da mafi sauri da mafi nawa, a ɗauki matsakaicin ukun.

Ƙarfin CFOP shi ne juyinta masu daɗin yatsa ne, yawanci R da U, kuma rabin ƙarshe ba ya buƙatar tunani, gani ne da sakin hannu. Da ita Max Park ya yi sakan 3.13 a 2023. Darussan bidiyo da jadawalai ma nata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Roux

Gilles Roux, Bafaranshe, ya fito da ita a 2003. A gina bulo mai faɗin 1 da 2 da 3 a ƙasan hagu. A gina irinsa a dama. Yanzu abin da ya rage sake shi ne hawan sama da yankan tsakiya. A gyara 'yan kusurwa huɗu na sama, kwanciya da mazauni a tare, da jeri ɗaya daga cikin 42 da ake kira CMLL. Sai 'yan gefe shida na ƙarshe, da M da U kaɗai.

Me ya sa 42 suka isa? Saboda ba a damu da 'yan gefen sama ba, ba a kuma damu da yankan tsakiya ba. Kwanciya 27 sau mazauni 6, yanayi 162, waɗanda ke narkewa zuwa siffofi 42. Jerin ma sun fi gajarta tunda abin da suke kiyayewa kaɗan ne. Roux ta yanka ninkin ta wani wuri dabam: 'yan kusurwa dabam, 'yan gefe dabam, maimakon kwanciya da mazauni.

Matakin ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. M da U kaɗai suna haifar da yanayi 184,320, ƙaramar duniya da mutum zai iya saninta ciki da bai ba tare da hadda ba. Kashi uku ne. Na farko gyaran kwanciya, kuma duk siffofin ana kora su ne zuwa guda ɗaya da ake kira kibiya: 'yan gefe uku a kife a sama, a hagu da gaba da dama, ɗaya a kife a ƙasa ta gaba. M' U M' ta gyara huɗun a juyi uku. Na biyu a kai 'yan gefen hagu da dama mazauninsu, galibi ta tara su a ƙasa, a daidaita sama, a yi M2. Na uku a jera huɗun da suka rage a yankan tsakiya. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne duba kwanciya alhali cibiyar da ke sama ba fari ko rawaya ba ce. In cibiyar gefe ce a sama, karatun duk ya juye, sai an fara yin M ɗaya.

Ana cewa Roux juyi 45 zuwa 50 take ci, kuma gaskiya ne, amma a lura da mudun awo. A wannan ƙidayar M juyi ɗaya ne, alhali a ƙidayar da aka samu 20 ɗin nan da ita juyi biyu ne. Kuma yatsa ba ya tura M da saurin da yake tura R sai an daɗe ana horo. Ratar da ke tsakaninta da CFOP tana nan, sai dai ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba.

Wahalarta a farko take. Bulon farko yanki biyar ne a kewayen cibiya, yanayi sama da miliyan 5, kuma babu jadawalin da zai cece ka. Sabon mai Roux yakan gina bulo kamar yana F2L, ya sa ɗan gefen ƙasa sannan biyu-biyu ba tare da ya yi amfani da 'yancin M da faffaɗan juyin r (fuskar dama tare da yankan tsakiya) ba, sai ya tashi da juyi 65. Irin wannan ya ɗauki wahalar Roux bai ci ribarta ba. Maganin shi ne haɗawa a hankali ba agogo, ana ƙidaya juyi, ana neman bulon farko ya sauko ƙasa da 10. Wani abin kuma, ramukan ƙasa guda biyu na yankan tsakiya ba a ganinsu da kyau, yanki yakan ɓuya a can.

Ladan kuwa, bayan bulon farko ba a sake sauya riƙo, kuma hadda kaɗan ce: jeri 9 sun isa a fara, 7 na kwanciyar kusurwa da 2 na mazauni. Masu cewa ba ta kai sahun gaba sai su tuna Sean Patrick Villanueva na Filifin ya zo na biyu da ita a gasar duniya ta 2019 a Melbourne. A haɗawa da hannu ɗaya ma tana da ƙarfi ƙwarai, domin kowane juyi a can yana da tsada, kuma ana jingina kyub da tebur a tura M.

ZZ

Zbigniew Zborowski na Poland ya gabatar da ita a 2006, kuma ita ce ta fi kowacce kama da lissafi tsantsa. Matakinta na farko shi ne irin wanda masanin lissafi Morwen Thistlethwaite ya fara da shi a 1981 a tsarinsa na kwamfuta mai juyi 52: a gyara kwanciyar 'yan gefe 12 duka tun farko. Rubu'in juyin F ko B ne kaɗai ke kifar da ɗan gefe, huɗu a lokaci guda. R da L da U da D ba sa taɓa kwanciyarsu. Saboda haka in an gyara su sau ɗaya aka daina F da B, sun gyaru ke nan har ƙarshe.

Ga yadda ake gane kifaffe, in fari yana sama kore yana gaba. A 'yan gefen hawan sama da na ƙasa a dubi launin da ke kallon sama ko ƙasa, a na hawan tsakiya a dubi wanda ke kallon gaba ko baya. In fari ne ko rawaya, lafiya lau. In ja ne ko ruwan goro, a kife yake. In kore ne ko shuɗi, a leƙa ɗaya launin: in fari ne ko rawaya, a kife yake. A cikin yanayi 2,048, guda 924 suna da kifaffu shida, 495 suna da huɗu, 495 takwas, 66 biyu, 66 goma. In huɗu ne, a tara su a fuskar gaba a yi F. In biyu ne, a sa ɗaya a gaba a yi F, sun zama huɗu. In shida ne, a sa uku a gaba a yi F, saura huɗu. In ƙidayarka ta ba da mara, ka yi kuskure, sake dubawa.

Da can ana haɗa wannan da layi ɗaya na 'yan gefe biyu a ƙasa, yanzu yawancin masu ZZ cikakken gicciye suke yi. Daga nan F2L da R da U da L kaɗai, babu sauya riƙo ko sau ɗaya. Kuma ana isa hawan ƙarshe da gicciyen sama a gyare, abin da mai CFOP ke samu sau ɗaya cikin 8. OLL 57 sun koma 7, jimilla jeri 28. Mai ƙarfin hadda kuma yana iya ɗaukar ZBLL, jeri 493, ya gama hawan da kallo ɗaya kowane lokaci.

To ina matsalar? Duk nauyin ya taru a sakan 15. Sai an karanta yanki 12, har da na baya da na ƙasa, a tsara gyaransu, a kuma bi inda 'yan gicciye za su faɗa. Wuce sakan 15 tarar sakan 2 ce, wuce 17 an soke yunƙurin. Ɗan gefe ɗaya da aka karanta ba daidai ba yana rushe dukkan ribar. Sannan sauyawa tsakanin R da L yana tilasta sauya riƙon yatsu, wanda ke cinye wani ɓangare na abin da aka tsira da shi. Masu bin ta kaɗan ne, darussanta ma haka.

Inda lokacin ke tafiya

Lokaci shi ne yawan juyi a raba da saurin yatsu, a ƙara tsaiko. Juyi 58 a kan shida a sakan, sakan 9.7. Juyi 48 a kan biyar a sakan, sakan 9.6. Kunnen doki. Amma a ɗauki mai haɗawa a sakan 30 da juyi 60, wanda yatsunsa ke iya huɗu a sakan. Juyin kansa sakan 15 ne, sauran 15 ɗin nema ne da ido. Irin wannan mutumin ko ya sauya hanya ko ya ƙara jeri 50, ba zai taɓa rabin da ke ciwo ba. Abin da zai yi shi ne ya rage gudu da gangan, ya riƙa juyi biyu a sakan ba tsayawa, idonsa na kan yanki na gaba ba wanda hannu ke zurawa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗaukar bidiyon hannu da waya a ƙidaya juyi da tsaiko ya fi kowane zato.

Kyub ɗin ma yana da ta cewa. Mai maganaɗisu na kamfanoni irin su MoYu da QiYi da GAN, ko mai araha ne, ya wadatar ga duk hanyoyin. Mai Roux ya fi son maganaɗisu mara ƙarfi sosai, tunda M tana yaƙi da na ɓangare biyu a lokaci guda. Man silikon ake ɗiga masa, ɗigo biyu ko uku, ba basilin ba, domin basilin yana cin roba. A lokacin hunturu ƙura kan shiga ciki ta haɗu da mai ta zama kamar yashi, sai a tarwatsa shi a goge da busasshen ƙyalle, a mayar da shi a haɗe launi-launi saboda ɗaya cikin 12 ɗin nan.

Zaɓin

Ga mafi yawan mutane CFOP muke ba da shawara, kuma ba don ta fi kyau a lissafi ba. Tana ɗorawa ne a kan hanyar 'yan koyo mataki-mataki, ba ranar da za a koma sifili. Duk inda aka cije akwai darasi. Kuma in kana da niyyar manyan kyub, daga mai hawa 4 zuwa mai hawa 7, magana ta ƙare: a can ana mayar da su kamar mai hawa 3 ne a ƙarasa, tura faffaɗan yankan tsakiya azaba ce, kuma hanyar Yau da aka fi bi a mai hawa 4 gicciye take ginawa. Sharaɗin shi ne ka yarda da haddar jeri 78 da maimaita su har su zauna a yatsu.

Ɗauki Roux in hadda tana gundurarka amma kana iya zama minti goma kana neman gajeriyar hanyar gina bulo ɗaya, ko in hannu ɗaya ne burinka. Ka shirya lokacinka zai lalace na makonni kafin ya dawo. Kada ka yanke mata hukunci kafin M ta zauna a yatsanka na kusa da ƙarami.

ZZ ta dace da wanda sauya riƙo ke ɓata wa gudu, mai natsuwar karanta kyub, musamman wanda ya riga ya ƙudurta koyon ZBLL. A matsayin hanyar farko bayan ta 'yan koyo tana da nauyi. Amma ko ba za ka bi ta ba, ka koyi gane kifaffen ɗan gefe: mai CFOP da ya iya wannan yana sanin tun kafin ya taɓa biyun F2L ko za su shiga da R da U ko sai ya juya.

Wanda ya riga ya sauko ƙasa da sakan 20 da wata hanya, ya zauna a kanta. Wanda yake sama da sakan 40 kuma yana wasi-wasi, sai an gwada akan san na ƙwarai: mako biyu a CFOP da jeri 16, mako biyu a Roux da jeri 9, haɗawa 20 kowace rana, biyar daga ciki a hankali ana rubuta yawan juyi. Kada a kwatanta lokutan, domin CFOP za ta yi nasara saboda sabo kawai. A duba wacce ce yawan juyinta ke sauka daga mako zuwa mako, da wacce hannu ke komawa gare ta in an ajiye agogo.